Boru ya shigo gari: yaya za mu yi da madara da nono?



Darasinmu na wannan wata a kan ciwon baki da kofato yake, wanda makiyaya da yawa suke ce ma boru, likitocin dabbobi kuma suna kiran shi fièvre aphteuse da Faransanci. Kusan kowa ya taɓa ganin shi. Saniya ta tsaya ba ta kiwo, jiki da zafi, miyau yana dalala kamar zare, tana ɗingishi. In ka buɗe bakinta sai ka ga bororo a harshe da dasashi, wasu sun fashe sun bar jan gyambo. Haka tsakanin kofato, haka kawunan hantsa. Dattawan da suka ga bushiya, wadda aka tabbatar da ƙarewarta a duniya a 2011, sukan raina boru, su ce ai ba ya kashe babbar saniya. Gaskiya ne, manya kaɗan ne suke mutuwa. Amma yana kashe maruƙa, yana ƙafar da hantsa, kuma gidan da nono ne cefanensa ya san abin da wata guda babu tatsa yake nufi.

Bari in ba ku labarin abin da ya sa na zaɓi wannan darasi. Wata shekara, ƙarshen damina, boru ya bayyana a wata ruga gabas da garin da nake aiki. Mai gari ya yi abin da ya ga ya dace: ya hana matan rugar su kawo nono kasuwa. Kasuwa biyu suka rasa. Duk da haka, bayan kwana 10 sai ga ciwon a wata ruga ta yamma, wadda ba rijiyarsu ɗaya ba, ba makiyayarsu ɗaya ba. Muka zauna da ardo da malamin dabbobi muna bin sawu. Abu guda ya haɗa rugagen nan biyu: wani saurayi mai babur da yake zagayawa kowace safiya yana sayen ɗanyar madara. Yakan karɓi cikakken bido nan, ya bar wanda babu kome, gobe kuma bidon gabas ya kwana yamma. A rugar yamma, in an ɗauraye bido, ruwan ɗaurayar maruƙa ake ba, don kada a yi ɓarna. Ba mu kai kome laburatuwar ba, amma duk wanda yake zaune a wurin ya gane hanyar. An tare matan da suke ɗauke da nono mai tsami, wanda shi ne mafi ƙarancin haɗari, an bar ɗanyar madara tana yawo bisa babur.

Abin da madara take ɓoyewa

Ƙwayar da take kawo boru ƙarama ce ƙwarai, irin wadda ake kira birus. Tana kama dabbobi masu tsagaggen kofato: shanu, tumaki, awaki, aladu. Doki da jaki ba sa kamuwa. Daga ranar da ta shiga jikin dabba zuwa ranar da ciwo zai fito fili, ana yin kwana 2 har zuwa 14.

To, ga abin da nake so ku riƙe da kyau, ku karanta ma wanda bai iya karatu ba. Ƙwayar tana fita cikin madara tun saniya ba ta nuna kome ba, har kwana 4 kafin a ga miyau ko ɗingishi. Saniyar da ka tatsa yau tana cin ciyawa lafiya lau, mai yiwuwa ne madararta cike take da ciwo. Bayan ta kwanta kuma, ƙwayar tana iya ci gaba da fita cikin madara har wajen sati 3, ko da baki ya warke. Ke nan in an ji boru a yanki, ba a iya rarrabe madara mai kyau da marar kyau da ido, ko da hanci, ko da harshe. Awon da ake yi a wuraren tattara madara, na alkol da na gane ko an ƙara ruwa, shi ma ba ya ganin wannan ƙwaya. Dukan ɗanyar madarar yankin za a ɗauka abin tuhuma ce, har da ta garken da ba a ga kome ba.

Wani zai ce: to sai a hana sayar da madara duka mana, a huta. A'a. Saniya ba ta daina kawowa don an yi doka. Yara suna bukata, mai fura tana bukata, masu sarrafa madara na Yamai, irin su Solani da Niger Lait, suna jiran abin da yake fitowa daga Hamdallaye da Kollo. Na kuma lura, duk inda aka hana kwata-kwata, mutane ɓoye ciwon suke yi, su bi ta bayan gari da ƙwaryarsu, a rasa mai gaya ma likita gaskiya. Abin da ya fi shi ne madara ta ci gaba da fita, amma a kashe ƙwayar kafin ta bar gida, a kuma gyara hanyar da take bi.

Wuta da tsami

Ƙwayar boru tana da abokan gaba: wuta, da tsami, da abu mai kaifin kanwa ko toka. Sanyi ba ya yi mata kome. Madarar da aka sa a firigo ko cikin ƙanƙara adana ƙwayar take yi.

Mu fara da wuta. Ɗumama madara bai isa ba, domin maiƙon da yake cikinta yana lulluɓe ƙwayar kamar bargo. Ko dafuwar inji ta digiri 72 cikin daƙiƙa 15, wadda take isa don mutum ya sha lafiya, ba kullum take kashe ta duka ba, shi ya sa ba a yarda a ba dabba irin wannan madara sai an sake dafa ta ko an tsamama ta. A gida, ku ɗora tukunya har ta tafasa, ku janye itace, ku bar ta tana tafasa a hankali minti 20, kuna motsawa da ludayi don kada ta kama ko ta zube. Na san abin da mata za su ce: itace ya yi tsada, madarar kuma tana raguwa. Haka ne. Amma ku gwada kuɗin itacen wata guda da kuɗin maraƙi guda. In gidaje uku suka haɗa tukunya ɗaya babba, wutar ba ta kai yadda ake tsoro ba.

Sai tsami. Masana suna da ma'aunin tsami mai lamba. Sabuwar madara tana wajen 6 da rabi zuwa 7. Ƙwayar boru tana lalacewa in lambar ta sauka ƙasa da 6. Nonon da ya kwana ya yi tsami sosai yana sauka wajen 4 da rabi. Kun ga ke nan, abin da iyayenmu mata suke yi tun kaka da kakanni, shi ne magani. Sai dai a lura: madarar da aka tatsa da safe, ta fara juyawa da azahar, ba ta kai ba tukuna. A bar ta ta kwana, ta daskare, a ji tsaminta a harshe.

Mafi kyau duka a haɗa biyun. A tafasa, a bar ta ta huce har yatsa ya iya jimrewa, a zuba ludayi guda na nonon jiya mai tsami, a rufe da faifai mai tsabta, a bar ta ta kwana. Kindirmon da aka yi haka yana iya zuwa kowace kasuwa. Ya fi daɗewa bai lalace ba, kuma tafasawar ta kashe waɗansu cututtuka da suka fi boru haɗari ga mutum, kamar tarin fuka da ciwon da yake sa shanu ɓari. Shi boru da wuya ƙwarai ya kama ɗan Adam, in ma ya kama ba ya tsanani. Kada mai fura ta ji tsoro, kada mai saye ya guje ta. Dabbobi muke karewa.

Man shanu yana da tasa magana. Tun da maiƙo yana kare ƙwayar, curin ɗanyen mai yana iya riƙe ta makonni. A lokacin boru, a soya shi kafin ya fita. Cuku kuma, kun san da ɗanyar madara ake yin shi, ba ya tsami sosai, tafasasshiyar madara kuwa ba ta kama shi da kyau. Masu cuku na wajen Abalak da Dakoro, in ciwo yana garkenku, ku dakata da shi, ku koma kindirmo. In kun yi don ci a gida, ruwan da yake tsiyayewa kada a ba akuya ko maraƙi, sai an tafasa.

Wajen tatsa

Wanda ciwo ya shiga garkensa, ya fara tatsar masu lafiya, marasa lafiya daga ƙarshe, da ƙwarya dabam. In akwai hannu biyu a gida, kowa ya kama nasa ɓangare. A wanke hannu da sabulu tsakanin saniya da saniya. Saniya mai ƙuraje a hantsa za ta yi harbi, amma kada a ƙyale ta: a tatse ta a hankali, domin madarar da ta kwana cikin hantsa mai gyambo ita take kawo kumburi, har kan hantsa ya mutu. Madarar irin wannan saniya ba ta sayarwa ba ce. A tafasa ta a sha a gida in tana da kyan gani. In da jini ko ruwan gyambo a ciki, a haƙa rami nesa da turke, a zuba, a barbaɗa toka, a rufe. Kada a watsar da ita bakin rijiya ko kan juji inda awaki suke kiwo.

Maraƙi shi ne abin tausayi. Ƙwayar tana kama mashi zuciya, sai a wayi gari a tarar da shi matacce a dangwali, ba miyau ba ɗingishi. Da an ga uwa ta fara, a hana shi tsotso, a ba shi tafasasshiyar madara da ta huce. Na san shanunmu, Azawak da Bororo, ba sa sakin madara sai sun ga ɗansu. A ɗaure shi gabanta inda take ganin shi, a tatsa da hannu. Wahala ce, kuma ba duka za a tsirar ba, amma madarar uwa mai ciwo ita ce mafi yawan ƙwayar da zai haɗiya.

Boru ba shi da maganin da yake kashe shi. Abin da ake yi jinya ce: inuwa, ruwa kusa, dusa jiƙaƙƙiya da ɗanyar ciyawa mai laushi, a wanke baki da ruwan gishiri ko na kanwa marar ƙarfi, a tsabtace kofato don kada ƙuda ya sa tsutsa. Allurar da ake saye a kasuwa, irin su teramisin, gyambon da ya ruɓe take taimaka ma, ba ta taɓa birus. In likita ya yi ta, ku tambaye shi kwana nawa za a yi ba a sha madarar ba, ku rubuta. Madara mai allura a ciki ba ta ma daskarewa da kyau, matan da suka gwada sun sani. Akwai kuma masu shafa miyan marar lafiya a bakin sauran don garke ya yi ciwon gaba ɗaya a gama. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan: ƙwayar ake ninkawa, maruƙa da maƙwabta su biya.

Mai babur, mai amalanke, mai ƙwarya

Mu komo kan saurayinmu. Ba mugu ba ne, sana'arsa yake yi, kuma ba don shi ba da madarar ruga ba ta kai birni ba. Amma mutumin da yake taka turke goma kafin hantsi ya fi kowace saniya yawo. Kashin shanu yana manne a takalminsa da tayar babur, madara tana zuba a jikin bido da igiyar ɗauri. Wannan ba a ƙasarmu kaɗai ba ne. A Ingila, a annobar 1967 zuwa 1968, bincike ya nuna madara da motocin ɗaukarta sun kai ciwon waɗansu gonaki. Da ya sake faɗa masu a 2001, sun kashe dabbobi fiye da miliyan 6 kafin su ga bayansa. Su suna da kuɗin biyan diyya. Mu ba mu kashe garke, saboda haka tsare hanya shi ne ƙarfinmu.

Ga shawarar da na ba garin nan, kuma ta yi aiki. A zaɓi wuri guda bakin babbar hanya, gindin itace, nesa da rijiya da burtali, inda dabbobi ba sa bi. In da hali a kewaye shi da ƙaya. Nan masu madara za su kawo, nan mai saye zai tsaya. Ba ya shiga ruga, ba ya taɓa dabba, ko da an ce zo ka ga karsanar da za a sayar. A juye madara daga mazubin mai ita zuwa nasa, kowa ya koma da abinsa. Musayar bido ta ƙare har ciwo ya wuce. Wanda ya kawo madara daga gida, ya wanke ƙafa da hannu kafin ya taso, ya sake wankewa in ya koma, domin a gindin itacen nan ya haɗu da mutanen wasu rugage.

Mai zagaye ya fara da wuraren da ba a ji kome ba, ya ƙare da na kusa da ciwo. Rugar da ciwo yake ciki kuwa, ɗanyar madararta ba ta hawa babur sam. Sai kindirmo da soyayyen mai.

Akwai wani abu da ake mantawa. Wani lokaci wurin tattarawa yakan ƙi karɓar madara, a ce ta fara juyawa. Mai babur ya komo da ita, madarar gida goma a haɗe, ya sayar da araha ko ya ba da kyauta a ba maruƙa ko ragon turke. Ciwon gida ɗaya ya zama na kowa ke nan. Madarar da aka maido, ko dai tukunya ko rami.

Jakin amalanke ba ya kamuwa, amma kofatonsa da tayoyi suna ɗauka. Tumaki da awaki kuma sukan yi ciwon a ɓoye, ɗan ɗingishi na kwana biyu wanda ba mai kulawa. Mai kiwon jar akuya a cikin gari, kada ki ce wannan maganar masu shanu ce. Madarar akuyarki ma a tafasa, ruwan wankin ƙwaryar fura kuma kada ya shiga kwanon dusarta.

Da me za a wanke?

Da farko a kankare datti da ruwa da sabulu. Kowane magani aka zuba bisa kashin shanu ko busasshiyar madara, asara ce. Bayan nan sai maganin.

Sodar wanki, wadda ake kira karbonat: giram 400 cikin ruwa lita 10. Tana da kyau ga takalma, taya, igiya, daɓe da bidon roba. Garin ɗan tsami da mata suke sa ma lemu, wato asid sitirik: giram 20 cikin lita 10. Shi ya fi dacewa da tulun alminiyam, domin soda tana cin alminiyam in ta daɗe. Ruwan jabel yana aiki bisa abin da aka riga aka wanke tas. Inda babu ko ɗaya, ruwan kanwa mai kauri ko ruwan toka da aka tace ya fi ruwa zalla nesa, ko da yake ƙarfinsu ba ɗaya ba ne kullum. A bar magani ya jima a jikin abu, kamar minti 15, kana a ɗauraye da ruwa mai tsabta. Kada a haɗa mai tsami da mai kanwa cikin bokiti guda, kashe juna suke yi. Kada kuma a haɗa jabel da ɗan tsami, hayaƙinsu guba ne.

Ƙwarya tana da ƙananan kafofi da suke shan madara. A zuba mata tafasasshen ruwa, a kife ta a rana bisa rumfa, ba ƙasa ba. Rana mai zafi da bushewa suna gaggauta mutuwar ƙwayar. A laka da sanyi tana yin makonni. Bokitin tsoma ƙafa da aka ajiye bakin wurin juye madara, in ya zama ruwan taɓo a zubar a sake, in ba haka ba ado ne kawai.

A gaya ma likita, a rubuta a littafi

Ranar da kuka ga alama, ku sanar da malamin dabbobi na kusa ko ma'aikatar kiwo ta jiharku, da ardo da mai gari. Yanzu kusan kowace ruga da salula. Saurin yana da dalili. Boru iri 7 ne a duniya, 4 daga ciki suna yawo a yankinmu: O, A, SAT 1 da SAT 2. Saniyar da ta warke daga ɗaya, wani yana iya kama ta baɗi. Lamba ma haka take: sai ta dace da irin da ya shigo, a kuma riƙe ta cikin sanyi, ƙarfinta kuwa wajen wata 6 ne. Lambar da ake yi ma shanu kowace shekara ta ciwon huhu ce, ba ta tsare boru. Don a gane irin, sai likita ya ɗebi fatar bororon da bai daɗe da fashewa ba, ya aika Labocel a Yamai. In an bari gyambo ya bushe, ba abin da zai samu.

Kada a kai dabbar garken da ciwo ya shiga kasuwa don a rabu da ita. Daga Sabon Mashi ko Badagishiri, cikin kwana biyu ta haɗu da shanun da za su Jibiya da Illela. Wadda aka sayo kuma, a turke ta gefe, da kwaminta dabam, aƙalla kwana 14.

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ga inda karatunku zai yi rana. A wurin juye madara a ajiye littafi. Kowace safiya a rubuta kwanan wata, sunan wanda ya kawo, lita nawa, da wanda ya ɗauka. In gida ya saba kawo lita 8, yau ya kawo 3, a je a tambaya, domin raguwar madara farat ɗaya takan riga miyau bayyana. In ciwo ya fito a wani gida ran Juma'a, a buɗe littafi a koma baya kwana 4, zuwa Litinin, a ga inda madararsa ta tafi, a gargaɗi mutanen can.

A shafin ƙarshe a rubuta ranar da dabba ta ƙarshe ta kwanta. Daga nan a ƙidaya kwana 28, wato 14 sau biyu. In wata ta sake kwantawa a tsakani, a soke, a faro ƙidaya daga ranarta. Sai an cika 28 ba sabon ciwo, likita kuma ya zo ya duba baki da kofato, kana mai babur ya koma ɗaukar ɗanyar madara a wannan ruga.